Ƙyanda ta shigo gida ana saura kwana uku tafiya biki

Wata 'yar'uwa daga Unguwar Sanusi a nan Kaduna ta aiko da wasiƙa ranar Litinin, kuma da yake lamarinta ba ya jira, na sa ta gaban sauran. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Ranar Alhamis za mu tafi garinsu maigidana, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ikara, bikin ƙanwarsa wadda ita ce auta a ɗakinsu. Ɗaurin aure Juma'a, kuma mako guda za mu yi. Yaranmu uku ne: babbar shekararta 8, na tsakiya shekara 4, sai jaririya 'yar wata 7. Na tsakiyan ya yi kwanaki yana zazzaɓi da tari da jan ido, ranar Asabar ƙuraje suka feso masa, muka kai shi asibiti aka ce ƙyanda ce. Allurar wata 9 kawai aka yi masa, ta biyun ta wuce ni. Maigida ya ce kafin Alhamis ya warware. Inna, mahaifiyarsa, ta bugo waya ta ce idan ba ta ga jikokinta a bikin autarta ba, ta san daga inda abin ya fito. Gidan babba ne, cike da yara, faccalata kuma tana da tsohon ciki. Ban da wannan, maigida ya sayo kwalin magunguna a kemis zai raba wa 'yan'uwa a matsayin tsaraba. Ni kuma ina tsoron ruwan rijiyar gidan, don zuwanmu na baya da na tafi da ruwan leda cewa aka yi ina ƙyamarsu. Ba na son in zama sanadin ɓatawar ɗa da uwa. Yaya zan yi?"

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba yaro lafiya. Shawarata ita ce ke da yaron da jaririyar ku zauna a Kaduna, maigida ya tafi ya tsaya wa bikin ƙanwarsa, kwalin maganin kuma kada ya shiga mota a yadda yake. Na san faɗin haka ya fi aikata shi sauƙi ga matar da aka riga aka ɗora wa zargi tun kafin ta buɗe baki, shi ya sa zan ba ki dalilan dalla-dalla, don idan kika zauna da maigida ki riƙe hujjar da za a iya lissafawa da yatsu.

Maigidanki yana da rabin gaskiya, kuma yana da kyau ki fara ba shi ita. Mai ƙyanda yana yaɗa ta ne daga kwana huɗu kafin ƙuraje su fito zuwa kwana huɗu bayan fitowarsu. Tunda na yaronku sun feso ranar Asabar, lokacin yaɗawarsa ya soma tun Talatar da ta gabata, sa'ad da kuke ɗaukar abin mura ce, zai kuma ƙare ranar Laraba. Saboda haka ranar Alhamis mai yiwuwa ba zai shafa wa kowa ba. Sai dai jikin da ƙyanda ta bi ta kansa yakan yi makonni a raunane, garkuwarsa ta yi ƙasa, kuma a wannan tsakanin ne gudawa da nimoniya da ciwon kunne suka fi samun ƙofa. Yaron da bai dawo da cin abinci ba, a ɗauke shi a zafin bazara a kai shi gidan biki inda ba shi da wurin kwanciya na kansa, wannan wahalar da shi ce ko da ba ya cutar da kowa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne jaririyar, wadda ba ki ce komai a kan lafiyarta ba domin a ido lafiyarta ƙalau. Ba ta kai wata 9 ba, don haka ba a yi mata allurar ƙyanda ba, kariyar da ta samu daga jikinki tun tana ciki kuma yawanci ta yi rauni ƙwarai a wannan shekarun. Ta kwana ɗaki ɗaya da yayanta tun daga Talatar da ya fara yaɗawa. Cikin mutum goma marasa kariya da suka zauna kusa da mai ƙyanda, kusan tara sukan kamu. Ƙwayar cutar takan yi kwana 10 zuwa 12 a jiki kafin zazzaɓi ya taso, ƙurajen kuma sukan fito a wajen kwana na 14. Ki ƙirga daga waccan Talatar: kwana na goma ya faɗo daidai ranar Juma'ar ɗaurin aure, kwana na 14 kuma Talata mai biye. Ke nan idan ta kamu tun a farkon zamansu tare, ranar da za ta fara yaɗa cutar ita ce ranar da gida zai fi cika, kuma a ranar ba abin da za a gani a jikinta illa ɗan zafi da majina, waɗanda kowace tsohuwa za ta ce haƙori ne ko gajiyar mota.

Kin fi ni sanin yadda ake yi da jaririyar da aka kawo daga birni karo na farko. Tun daga zaure za a karɓe ta daga bayanki, Inna ta ɗora ta a cinya, gwaggonni su yi ta miƙa wa juna ana neman wanda ta ɗebo kama, 'yan mata su goya ta zuwa ɗakin amarya inda mata ashirin suke zaune da goyonsu, taga a rufe saboda ƙura. Ƙyanda ta iska take bi, kuma ƙwayarta tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, don haka wadda ta shigo gaida amarya bayan an fitar da jaririyar ma ba ta tsira ba. Matan nan kuwa ba duka 'yan gidan ba ne. Sun zo daga ƙauyuka biyar ko shida, ranar Lahadi kowace za ta koma garinta da abin da ɗanta ya shaƙa, bayan mako biyu kuma sai a ji baƙon dauro ya ɓulla nan da can ba tare da an san ta inda ya bi ba. Tun kafin ku isa ma, idan motar haya za ku shiga a tashar Kawo, akwai fasinjojin da za su yi awanni suna shaƙar iska ɗaya da ku.

Matafiyi yakan tsaya ne a kan tambayar me zai same shi a can, kamar yadda kika yi tunanin ruwan rijiya, kuma ba laifi ba ne. Tambaya ta biyu, wato me yake ɗauke da shi zuwa can, ita ake mantawa, alhali nauyin cuta ɗaya ba ɗaya ba ne a wurare biyu. Idan numfashin jaririyarki ya canza da tsakar dare a Unguwar Sanusi, cikin mintuna kaɗan kina Asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada ko Barau Dikko, inda ake sa ran samun likita da iskar oksijin. Yaron faccalarki da abin ya same shi a ƙauye sai an nemo babur, an kai shi ƙaramin asibiti, daga nan wataƙila a tura su Zariya, da kuɗin da sai an sayar da akuya ko buhun masara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ƙyanda ta kama mutum miliyan 10.3, ta kashe kimanin 107,500, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma a inda tamowa ta yi yawa asibiti kuma ya yi nisa, mutuwar tana iya kaiwa ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu. Ga mai ciki irin faccalarki, idan ba ta da kariya, ƙyanda tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Ba ki san yara nawa ne a gidan aka yi wa allura biyu ba, kuma gari ba ya samun cikakkiyar kariya daga wannan cuta sai kusan kashi 95 cikin ɗari na yaransa sun samu.

Tarihi ya ajiye misalin abin da tafiya ɗaya da taro ɗaya suke iya yi. A farkon 1875 sarkin tsibiran Fiji ya dawo daga ziyarar da ya kai birnin Sidni na Ostireliya, da ƙyanda a cikin ayarinsa. Ba a killace jirgin ba, aka kuma tara sarakunan tsibiran taro, kowa ya koma gida da ita, cikin 'yan watanni ta kashe mutum wajen 40,000, kusan kwata na al'ummar ƙasar. Ƙauyenku ba zai ga irin wannan ba, domin manyansa sun yi ƙyanda tun suna yara kuma akwai rigakafi, amma hanyar da cutar ke bi ba ta canza ba. Mu ma nan Arewa mun taɓa zama masu kaiwa: bayan dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohinmu a 2003, an bi sawun ƙwayar cutar daga nan har Sudan da Yaman da Indonesiya, kuma saboda irin haka ne Saudiyya ta riƙa ɗiga wa alhazanmu maganin a filin jirgi.

Idan aka kawo miki maganar ƙaddara, cewa abin da zai samu mutum ba ya kuskure masa, amsar tana cikin abin da malamanmu suke karantarwa. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo ya shaida musu umarnin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta auku mutum yana ciki kada ya fita don gudunta. Mutane sun fi riƙe rabin farko domin shi ne yake kare su. Rabin na biyu yana kare waɗanda za a je wa, kuma shi ne ya dace da gidanki a wannan makon.

Maganar Inna kuwa, kada ta fito daga bakinki. Duk yadda kika tausasa ta, za a ji ta a matsayin matar ɗa ta hana, musamman da yake akwai tsohon tabo na ruwan leda. Ɗanta ne ya kamata ya kira ta, tun yau, kada ya bari sai ta ga ya sauko daga mota shi kaɗai. Ki zaunar da shi bayan yara sun yi barci, ki ɗauko kalanda ku ƙirga kwanakin tare, sa'an nan ki roƙe shi ku koma asibitin da aka duba yaron ya ji daga bakin ma'aikacin lafiya, domin maza da yawa sun fi karɓar magana daga mai farar riga. Idan zai kira Inna, ya ɗora maganar a kan jikokinta na can, ya ce mata: "Inna, baƙon dauro ne ya shigo mana, malaman asibiti sun ce ƙaramar tana iya ɗauke da shi ba a sani ba. Ina jin tsoron in kawo wa yaran Yaya da matarsa mai ciki. Ni zan zo, su kuma in Allah Ya yarda bayan sati uku zan kawo miki su ku yi kwanaki." Tsofaffin ƙauye sun san baƙon dauro fiye da mu, da yawansu sun binne 'ya'ya saboda shi, kuma da wuya uwar da aka gaya wa gaskiya da wannan sunan ta nace. Idan ta nace, a nemi kawunsa ko wani dattijo da take jin nauyinsa ya sa baki.

Ke kuma ki yi naki ɓangaren a bayyane. Gudummawarki ta amarya ta tafi cikakkiya, har da ɗan ƙari idan da hali, ki haɗa wa Inna turmin atamfa ko abin da kika san tana so, ki kira ta ranar Alhamis ki yi mata fatan alheri, ki kira amarya da faccalarki. An ce zumunta a ƙafa take, kuma za a iya jefa miki wannan karin maganar. Ki bar ta ta wuce ba tare da gardama ba, ki tabbatar dai an cika alkawarin zuwan nan na bayan sati uku ko da bikin ya riga ya zama labari. Lissafinsa shi ne kwana 21 daga Larabar nan. Idan jaririyar ta kai wannan lokaci ba zazzaɓi ba ƙuraje, ta tsallake. Idan ta kamu, sai a jira ta wuce kwana huɗu bayan fitowar ƙurajenta, ta kuma murmure.

Maigida zai iya tafiya idan ya san ya yi ƙyanda yana yaro ko an yi masa allura, domin wanda ya taɓa yin ta ba ya sakewa. Babbar yarinyar kuma ki duba katinta: idan allura biyu ne a rubuce, ta bi mahaifinta, Inna ta ga ko da jika ɗaya, amma idan ɗaya ce ko katin ya ɓata, zamanta ya fi. Kada ki zargi kanki fiye da kima a kan allurar da ta wuce na tsakiyan, amma ki san dalilinta: kimanin yara 15 cikin ɗari ba sa samun kariya daga allurar wata 9, shi ya sa aka sa ta biyu a wata 15, kuma dukansu kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ko ni ko ke ba mu da tabbacin halin da jaririyar take ciki, don haka ki kai ta a duba ta gobe, ki sanar da ma'aikatan tun daga ƙofa cewa akwai mai ƙyanda a gida don kada a zaunar da ku a layin masu awo da jarirai. Allurar da ake yi wa wanda ya zauna da mai cutar ta fi amfani a cikin awa 72 na farko, kuma wannan ya wuce, amma su ne za su yanke abin da ya dace da ita. Maƙwabtan da yaransu suka yi wasa da naki a makon jiya, da malamin Islamiyyarsu, su ma suna da haƙƙin ki gaya musu.

Game da jinyar yaron, ki tabbatar an ba shi bitamin A sau biyu, na biyun washegarin na farko, domin yana rage haɗarin makanta da mutuwa. Idan sau ɗaya aka ba shi, ki koma ki tambaya. Ki yawaita ba shi ruwa da kunu da duk abin da zai iya haɗiya, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Farasitamol ya isa don zazzaɓi, kada a ba shi asfirin. Wanka da ruwan ɗumi ba ya mayar da ƙyanda ciki, allurar asibiti ma ba ta danne ta, duk da abin da ake faɗa. Kada a sa masa kwalli ko ruwan ganye ko wani abu a ido, a goge da tsumma mai tsabta da dafaffen ruwa kawai, idan kuma baƙin idon ya fara yin hazo ko ya kasa buɗe ido, Asibitin Ido na ƙasa yana nan Kaduna, kada a kwana. Ki riƙa ɗaga rigarsa kina kallon ƙirjinsa yana barci: idan numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya, ko 50 ga jaririyar, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi jijjiga, ko barcin ya yi nauyin da ba a iya tashinsa, wannan na asibiti ne a kowane lokaci na dare.

Sai kwalin magani. Niyyar maigidanki kyakkyawa ce, ya ga 'yan'uwansa suna fama ya kuma ga tsadar magani, amma na san abin da ake cika irin wannan kwali da shi: kafso ja da rawaya, Ampiclox, Flagyl, Septrin, da magungunan ciwon jiki masu ƙarfi. Zai raba su a tsakar gida kowa ya samu kati ɗaya ko rabi, ya dawo Kaduna, a bar maganin a ƙarƙashin katifa ana ɓallar biyu duk ranar da jiki ya yi nauyi. Kafson nan ja da rawaya, wato tetrasaikilin, ba a ba mai ciki ko yaro ƙasa da shekara 8, domin yana ɓata haƙora yana kuma taɓa ƙashi. Magungunan ciwon jiki masu ƙarfi, irin su diklofenak, suna fasa gyambon ciki, suna lalata ƙodar tsoho mai hawan jini, suna kuma da haɗari a ƙarshen ciki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha rabi aka bari kuwa yana koya wa ƙwayoyin yadda za su jure masa, har ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Wani babban bincike na duniya ya ƙiyasta cewa wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Wanda ya raba maganin ba ya nan lokacin da illar za ta bayyana, kuma ba wanda zai danganta ta da tsarabar ɗan'uwa.

Abin da ya fi shi ne ya mayar wa mai kemis abin da zai karɓa, sauran kuma ya kai wa jami'in da ke kula da asibitin mazaɓarsu, bayan an duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar kowane ɗaya, domin a bayar da su ga wanda aka duba aka ga yana buƙata. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma tsarin da aka ɗauka shi ne kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko, saboda haka akwai wanda zai tambaya. Ya tambaye shi abin da ya fi ƙaranci a wurin kafin ya sake sayen komai. Sau da yawa amsar takan zama abin gwajin zazzaɓin cizon sauro, safar hannu, ko man babur na fita rigakafi. Idan tsarabar hannu yake so, sabulu da gidan sauro da fakitin gishiri da sukari na gudawa ba sa cutar da kowa. Ga tsofaffin gidan kuma, biyan kuɗin motar da za ta kai su a auna musu jini da suga ya fi musu katin maganin ciwon jiki amfani nesa ba kusa ba.

Damuwarki a kan ruwa tana da tushe, domin a bazara rijiyoyi suna ja baya, ruwan ya yi kauri, yaran da cikinsu bai saba ba kuma su ne farkon kamuwa da gudawa ko taifod. Kuskuren da aka yi a zuwan baya shi ne an ware naku daban a gaban masu gida, kuma a ganina ba su yi rashin hankali ba da suka ji zafi, domin ma'anar abin a wurinsu ita ce ruwan da 'ya'yansu suke sha kullum bai isa naki su sha ba. Idan kun je bayan sati uku, ki gyara ruwan gidan gaba ɗaya: ki tafi da maganin tsabtace ruwa, WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, ki nemi izinin Inna a zuba a babbar randa gwargwadon yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30, kowa ya sha daga nan, har da ke. A samu moɗa mai dogon hannu da ba a ajiye ta a ƙasa, guga ma a rataye shi. Na jaririya a tafasa. Idan maigida yana son abin da za a daɗe ana sa masa albarka, ya haɗa kai da 'yan'uwansa a yi wa bakin rijiyar daɓe da murfi, ko a gyara famfon tuƙa-tuƙan unguwa idan ya lalace. Ledojin ruwa da na kunzugun jarirai kuma kada a bar wa gidan su, awaki suna ci suna mutuwa.

Sauran shirin tafiyar ba shi da yawa. Ku tafi da gidan sauronku da katunan rigakafin yara, ki kuma duba ko sun cika allurar nan ta mako 6 da 10 da 14 wadda take kare mashaƙo, domin cutar ta ɓulla a jihar nan a 2023, har da Kafanchan. Ki hana yara wanka a kududdufi ko dam saboda tsargiya. Abinci a rufe shi da dare saboda ɓera, wanda shi ne yake ɗauke da zazzaɓin Lasa, kuma rani ne lokacinsa. Idan gudawa ta kama yaro, fakiti ɗaya na gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Ku yi tafiyar da rana. Duk wanda ya yi zazzaɓi bayan kun dawo, a gaya wa mai duba shi inda kuka je da ranar da kuka dawo.

Mai yiwuwa ne duk da wannan a rinjaye ki, maigida ya ce sai an tafi, kuma ba zan ce ki tayar da gidanki a kai ba. Idan haka ta faru, ki nemi abu huɗu kada ki sassauta a kansu. A gaya wa mutanen gidan gaskiya tun kafin ku iso, domin faccalarki da masu jarirai su san yadda za su yi da kansu. A ɗauki shatar mota, kada a shiga ta haya. A ba ku ɗaki na daban, jaririyar ta zauna a hannunki, ba ɗakin amarya ba zagayen gaisuwa, duk wanda ya miƙo hannu ki ce masa malaman asibiti sun hana. Sa'an nan maigida ya je wurin jami'in asibitin mazaɓar ranar da kuka sauka ya shaida masa, don ya duba yaran gidan da ba su cika allura ba ya yi musu tun cikin kwana ukun farko, ya kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma idan wani yaro ya fara zazzaɓi da jan ido bayan tafiyarku.